Kwana Arba'in da Ɗaya a Kan Rufin Gwaggo

Ranar da Gwaggo Melenaite ta zo, mutum huɗu ne tsaye a ƙofar gidanmu, kowa da kuɗinsa a aljihu, suna jiran Baba ya gama shan shayi. Kwana biyar ke nan da guguwa ta ratsa gabashin tsibirinmu Tongatapu ta yaye rufin rabin ƙauyenmu. Kafintoci sun yi tsada. Wanda a da ake ba pa'anga tamanin, kuɗin ƙasarmu, a yini, yanzu sai an haɗa da roƙo yake karɓar ɗari, kuma a hannu, kafin rana ta faɗi. Mahaifina Manase ya fi shekara talatin yana hawa rufin mutane, bai taɓa ganin kasuwa irin wannan ba. Inna har ta fara maganar sayen sabon tankin ruwa.

Gwaggo ba ta shigo ba. A al'adarmu mace ba ta shiga inda ɗan'uwanta yake zaune da singileti. Ta tsaya a gindin mangwaro ta kira ni.

"Sulieti, ki gaya wa ubanki ɗakina na baya yana yoyo. Aikin kwana uku ne."

Baba yana jin ta. Ya ajiye kofi, ya sa riga, ya fito ya ba mutanen nan haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ɗayansu, wani tsoho mai shago, ya ce, "Manase, ko ni ma in je in ɗauro zane in dawo a matsayin ƙanwarka?" Aka yi dariya, har da Baba. Inna kuwa daga kicin ta ce, ƙasa-ƙasa, "Kwana ukun kalanda, ko kwana ukun Melenaite?"

Gwaggo ƙanwar Baba ce, shekara shida ya ba ta. Amma a wurinmu 'yar'uwa tana sama da ɗan'uwanta ko da jiya aka haife ta. Abin da ta nema a gidansa nata ne, ba ya musu da ita, ba ya maganar kuɗi da ita, mu 'ya'yansa kuma masu yi mata hidima ne. Ni ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, ban taɓa zuwa ta uku a aji ba, amma a gabanta ƙasa nake zama.

Da Baba ya ɗaga kwanon ɗakin baya, sai aka tarar katakon ƙarƙashi ya ruɓe. Da ya sauya katakon, sai Gwaggo ta ce sabon kwano a baya da tsohon kwano a gaba abin kunya ne. Mota ta sauke kwano sabo fil na gidan gaba ɗaya. 'Ya'yanta biyu suna aiki a ƙasar waje, a birnin Auckland, su ke turo kuɗin kaya. Baba shi kaɗai yake sama. Muna hutu, don haka ni ke kai masa ruwa da maganinsa na ciwon suga da tsakar rana.

A rana ta tara ya sauko daga tsani ya taka tsohon katako. Ƙusa mai tsatsa ta huda silifa ta shige tafin ƙafarsa ta hagu. Bai ma ji ba, don ƙafar ta daɗe da rage ji. Ni na ga jini a kan siminti.

Ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitinmu ta wanke, ta yi masa allura, sannan ta dube shi ta saman tabarau.

"Kawu, da sugarka a haka, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne. Mako biyu ƙafar nan a kan matashi. Kullum da safe ka zo a wanke. In ka hau rufi, kada ka ce ban faɗa maka ba."

Ni aka aika in gaya wa Gwaggo. Na same ta a falo tana kallon sama ta inda babu kwano.

"Mako biyu? Ki ɗaga kai ki ga hadari. In ruwa ya sauko a kan kujerun nan, ita malamar asibitin ce za ta biya? Ƙusa fa ce, ba kifin shak ba. Tun muna yara ubanki yake taka ƙusa."

Ta aika aka kawo wata mai ganye ta ɗaura masa. Washegari ya sa ƙafar a leda, ya tura cikin takalmin roba, ya hau.

Asibitin yana wanke ciwo daga takwas zuwa sha biyu. Baba yana kan rufi tun bakwai. Sai ya zama ni ke wanke masa da yamma, da ruwan gishiri, a bayan gida. Makon farko ramin ƙarami ne, ja. Mako na biyu gefensa ya yi fari ya kumbura. Na uku ya fara wari. Ina kwance ledar, ƙudaje su taso.

Ladansa kuwa abincin rana ne. Ba zan yi wa Gwaggo ƙarya ba, ba ta rowar abinci. Farin burodi da man shanu, shayi mai madarar gwangwani da sukari cokali uku, rogo, lemon kwalba mai sanyi. Duk abin da likita ya hana. Na ce mata da ladabi, "Gwaggo, Baba ba ya shan zaƙi."

"Mai aikin ƙarfi ne. So kike a ce ɗan'uwana ya yini a gidana na ba shi ruwan banza?"

Shi kuma abin da ya fito daga hannunta ba ya mayarwa. Ya zauna a inuwar tanki ya shanye tas. Ranar Asabar takan ba ni gwangwanin nama ɗaya in kai wa Inna.

An gama rufi, sai silin. An gama silin, sai ta ce tunda tsani yana nan, a ɗora baranda a gaba, mai matakala biyar, irin ta gidan fasto. Masu zuwa ƙofarmu da kuɗi suka ragu, suka daina. Tsohon nan mai shago ya ɗauko kafinta daga wani ƙauye. A gidanmu muka koma rogo da ganyen gwaza safe da yamma. Inna ta sayar da tabarmar da ta yi wata huɗu tana saƙa, a rabin kuɗinta, aka sayi bandeji da kuɗin wuta.

Wata Alhamis, ana cikin mako na shida, Gwaggo ta kira ni falo. Babban ɗanta Kelepi ne a waya, hoton ya ƙi fitowa. Na danna abin da ya kamata, fuskarsa ta bayyana, da hular ma'aikatan mayanka a kansa.

"Kai, Suli malama. Har yanzu ba ki yi aure ba? Turanci ya kori samarin ko?"

"Samarin duk sun tafi Auckland yankan tumaki."

Ya yi dariya. Sai ya gyara murya. "Suli, don Allah ki yi wa Kawu magana a hankali. Ba raini ba ne. Amma ɗari a yini ya yanka, ba mu yi ciniki ba, duk Juma'a muna turowa. Yau kwana talatin da wani abu. Ni nan aikin dare nake haɗawa da na rana. Ya ɗan ɗaga hannu mana, ko ya rage mana wani abu. Mu ma 'ya'yansa ne."

Na juya na dubi Gwaggo. Ta karɓe wayar ta ce, "Layin ba kyau, ɗana, sai anjima," ta kashe.

Ta gyara zama. Ko kunya babu a fuskarta.

"Me kike kallo? Ɗana ne, ni ya turo wa."

"Kuɗin aikin Baba ne, Gwaggo."

"Ubanki ya ce miki yana sayar mini da aiki? Je ki tambaye shi. Ni ce zan ƙirga wa yayana kuɗi a tafin hannu kamar wani baƙo? Zagi ke nan. Kuma ba ci na yi ba. Baikon shekara na coci, da kowane gida ke kai kuɗi, saura mako guda. In aka kira sunan gidanmu da abin kirki, sunan waye? Ba sunan uban ubanki ba ne?"

Da yamma, ina matse masa ruwan ciwon, na gaya wa Baba duka. Na zaci zai fusata. Yatsun ƙafarsa biyu sun riga sun yi launin toka.

"Na sani," in ji shi.

"Tun yaushe?"

"Tun makon farko. Mai shagon da take karɓar kuɗin a wurinsa ya taya ni murna, wai na samu aiki mai tsoka."

"Baba, Kelepi yana can yana ganin kai ne kake jan aiki don ka cinye su."

Nan ne kawai fuskarsa ta motsa. Sannan ya ce, "Gara ya zarge ni da ya zargi uwarsa. Ɗaure mini, sauro na cizo."

"Gobe mu je babban asibiti."

"Saura matakala da fenti. In an gama baiko."

Na ce, "Ƙafar ba ta san da baiko ba."

"Sulieti, karatun da nake biya miki ba na ɗaga mini murya ba ne."

Na ɗaure masa ƙafar.

Ranar baiko coci ya cika. Kowa da tabarmarsa mai kyau ɗaure a ƙugu, kamar yadda muke shigar girmamawa. Ana kiran gida-gida, ana faɗin abin da kowa ya kawo da babbar murya. Da aka zo kan Gwaggo, mai sanarwa ya dakata ya sake duba takardar, sannan ya ce pa'anga dubu biyar. Aka ɗauki tafi, mata suka tashi suna rawa, wata ta rataya mata furanni a wuya. Gidan Manase, ɗari da hamsin. Baba yana bencin ƙarshe kusa da ƙofa, inda iska za ta kwashe warin. Na ga yana tafa wa ƙanwarsa.

Kwana biyu bayan haka, a rana ta arba'in da ɗaya ta aiki, ban da Lahadi, yana fentin goshin baranda zazzaɓi ya kayar da shi daga tsani. Ba daga nesa ya faɗo ba. Amma da muka cire takalmin robar, baƙin ya wuce idon sawu.

A babban asibiti a Nuku'alofa, babban birninmu, likita ya kira ni da Inna gefe. Ya ce ƙasa da gwiwa za a yanke, kuma yau. Ya tambaya, "Me ya hana ku zuwa tun mako uku da suka wuce? Da yatsa kawai za mu cire." Ni na amsa. Na ce, "Yana aiki."

Gwaggo ta zo washegari da kwanon abinci da mata uku 'yan cocinmu. Ta tsaya a ƙofar ɗakin marasa lafiya, don ba za ta kusanci gadon ɗan'uwanta ba, ta fashe da kuka har masu jinya suka leƙo.

"Sau nawa na ce ya huta? Ku tambayi yarinyar nan. Taurin kai tun yana yaro. Kuma zaƙi, ba ya jin magana a kan zaƙi. Amma haka Ubangiji ya so, wa zai ja da shi?"

Matan suna shafa bayanta suna cewa ta yi haƙuri, ta yi iyakar ƙoƙarinta. Na riƙe ƙarfen gado har hannuna ya yi ciwo.

Kafin a sallami Baba ta ɗauko wani kafinta, Maka, daga ƙauyen gaba, ya ƙarasa fenti da ƙofofi. Shi ba ɗan'uwan kowa ba ne. Ya ce ɗari da ashirin, kowace yamma, in ba haka ba gobe ba za a gan shi ba. Ta biya. Na gani da idona, tana lasar yatsa tana ƙirga masa a tafin hannu. Da ya ce ba shi da zarto mai lantarki, ta aiko a ba shi akwatin kayan aikin Baba. Inna ta fito da shi ta miƙa.

A ranar na sayi kati na kira Kelepi. Na gaya masa komai, daga ƙusa har zuwa gwangwanin nama na Asabar.

"Suli, ko sisi?"

"Ko sisi."

Na ji yana jan numfashi. Sai ya ce, "Uwata ce, Suli. Me kike so in yi?"

"Ban ce ka yi komai ba. So nake ka san kawunka ba ɓarawo ba ne."

Ya turo ɗari biyar a ba Baba. Ta hannun uwarsa ya turo, don ba ya iya tsallake ta. Abin da ya iso gidanmu katan ɗaya ne na haƙarƙarin tunkiya mai ƙanƙara, tare da saƙo: yarinyar da ta shiga tsakanin uwa da ɗa za ta zo ta nemi gafara a gaban dangi, ranar da za a sa wa gidan albarka.

Dattawan dangi suka yi ta zarya. Wani ya ce Gwaggo gwauruwa ce, a tausaya mata. Wani ya ce da Manase ya so kuɗi ai da ya faɗa. Wata ta ce ƙafa dai ta riga ta tafi, me maganar za ta dawo da shi? Inna ta kama hannuna a kicin. "Ki je ki faɗi kalma biyu a wuce wurin. Ni shekara ashirin da shida nake haɗiyewa, ban mutu ba." Baba daga kan tabarma ya ce, "Za ta je."

Na je. A bikin gwaggo, gidan ɗan'uwanta ne ke dafa abinci. Tun da safe muke bayan gida cikin hayaƙi. Baba ya zo da sanduna biyu, wandonsa na hagu a naɗe an kama da fil. Ya tsaya a gaban baranda ya dubi matakala biyar ɗin da ya yi da hannunsa. Babu abin dafawa, don Gwaggo ta ce zai ɓata kyan gaban gida. Ya juya ya zagaya baya, aka ba shi kujera kusa da wuta, ya karɓi sandar juya alade.

Fasto ya yi addu'a. Ya yaba wa baiwar Allah da ta tsaya da ƙafarta bayan guguwa ta tayar da gida, ba ta kuma manta da coci ba. Ya gode wa 'ya'yanta na Auckland. Ya gode wa Maka. Sai babban dattijon dangi ya ce akwai 'yar magana ta cikin gida, Sulieti ta matso.

Na ɗaura tsohuwar tabarma a ƙugu kamar yadda mai neman gafara yake yi. Na hau matakalar, na zauna a ƙasa gaban kujerarta, na sunkuyar da kai. Ban ɗaga murya ba.

"Gwaggo, an ce in nemi gafararki, ga ni na zo. Kwana arba'in da ɗaya Baba ya yi a kan gidan nan. An turo kuɗin kowane yini da sunansa, bai ga ko ɗaya ba. Maka ya yi kwana tara, kin biya shi kowace yamma. An ce Baba ya kwantar da ƙafarsa mako biyu, ni na kawo miki saƙon, kika ce hadari ya taso. Abin da na gaya wa Kelepi ke nan. In akwai ƙarya a ciki, a nuna mini, yanzu zan nemi gafara."

Babu wanda ya nuna. Maka ya sunkuyar da kai cikin farantinsa. Gwaggo ta ce, "Kun ga abin da makaranta take yi." Fasto ya yi sauri ya ɗauko waƙa, jama'a suka kama da ƙarfi fiye da yadda waƙar take bukata. Na sauko na koma kicin na ci gaba da raba abinci, don aikina ne.

Baba ya ji komai ta taga. Ya ce Inna ta kai shi gida. Yau wata huɗu bai yi mini magana ba. In yana son ruwa sai ya ce, "A gaya wa malama." Na gama kwaleji, na fara koyarwa, albashina ne ke sayen maganinsa, yana sha, ba ya kallona.

A ƙauye an yanke hukunci tuni: na zubar da mutuncin gida. Ba wadda ta sa mai ciwon suga hawa rufi da ruɓaɓɓiyar ƙafa ba. Ba waɗanda suka ji wari daga bencin baya suka ci gaba da tafi ba. Ni, da na faɗi adadin kwanaki. An koya mana cewa ɗan'uwa yana girmama 'yar'uwarsa, ita kuma tana lulluɓe shi da alfarmarta. Rabin farko na gani da idona, na wanke shi da ruwan gishiri. Rabi na biyu har yau ina jira. Baƙo yana da kuɗin yini, yana da lokacin tashi, yana iya cewa gobe ba zan zo ba. Ɗan'uwa ba shi da ko ɗaya, kuma wannan muke kira ƙauna. Ban janye kalma ɗaya ba, ba kuma zan janye ba. In shirun Baba ne kuɗin abin da na faɗa, ina biya kullum, ba na neman ragi.

Jiya da safe Gwaggo ta tsaya a gindin mangwaro. Ba ta kira ni ba, Inna ta kira. Wai ƙofofin kabad ɗin kicin ɗinta ba sa rufuwa, Maka ya ce sai an biya shi yini guda cur, alhali aiki ne da mutum zai iya yi a zaune. Kayan aikin ma suna can.

Inna ta shigo ta tsaya, ba ta faɗi saƙon ba, don Baba ya riga ya ji.

Baba ya sa riga. Ya ce, "Miƙo mini sandunan."